Maganin Feshi Da Tsatsar Da Ke Cin Jikin Kifi

Kowane manomi ya san yadda fartanya take yin tsatsa in an yashe ta a cikin raɓa. To, masana sun gano akwai irin wannan tsatsa da ke cin jikin kifi daga ciki, kuma sau da yawa daga gona take tasowa.

Ga yadda abin yake. A cikin jinin kifi akwai waɗansu sinadarai da ake kira hormon, watau manzannin jiki. Su ke kai umurnin girma, su ke faɗa wa mace lokacin yin ƙwai. Waɗansu magungunan ƙwari, kamar DDT da Gammalin 20, in sun shiga jini sai su yi shigar burtu, jiki ya ɗauke su manzanni ne, ya bi umurnin ƙarya.

Wannan ɓarna ɗaya ke nan. Ta biyu a hanta take. Sa'ad da hanta ke ƙoƙarin narkar da dafin, sai iskar oksijin da kifi ya shaƙa ta riƙa fid da waɗansu ɓurɓushi masu zafi kamar tartsatsin maƙera. Ko kifi mai lafiya yana fid da su kaɗan kaɗan, amma yana da dogarai, irin su katalas da gulutatayon, masu kashe su nan take. In dafi ya yi yawa sai tartsatsin ya rinjayi dogaran. Sa'an nan ya ƙone kitsen da ya kewaye ƙwayoyin halitta, su huje, su mutu. Hanta ta lalace, wurin numfashi ya kumbura, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Kifin yana iyo lafiya lau a ido, amma ba ya barin baya.

Kada a ce ɗan kaɗan ba kome. A ƙasar Kanada, daga 2001 zuwa 2003, masana sun zuba hormon na mata, irin na ƙwayar tsarin iyali, a wani tafkin gwaji, misalin giram 5 cikin lita miliyan dubu. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin sinadarin gwaiduwa kamar mata, kuma cikin 'yan shekaru irinsa ya kusa ƙarewa a tafkin.

An hana lindan, watau dafin da ke cikin Gammalin, a aikin gona tun 2009 bisa yarjejeniyar Stockholm. Masu zuba shi a rafi don kama tarwaɗa da karfasa, ai ba su ba ne, kisan zuriya ne, kuma dafin yana maƙalewa cikin kitsen kifin har ya iso tukunyar miya.

Saboda haka manomi kada ya wanke injin feshi a bakin rafi ko kududdufi. Kada ya yi feshi in hadari ya haɗo. Galan ɗin da ya ƙare kuwa a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin, a huda gindinsa don kada yara su ɗebi ruwa da shi.