Ruwa Biyu: Girman Jiki Da Abin Da Ke Biye Da Shi

A kasuwannin shanu na Marwa, Bogo da Adumri ana yawan jin dillali yana cewa, "Alhaji, wannan ruwa biyu ne, dubi ƙirji." To, kafin mu zuba kuɗi, ya kamata mu san abin da muke saye.

Maganar ba sabuwa ba ce a Kamaru. A shekarar 1952 aka kawo bijimai irin Brahman daga Amurka zuwa tashar binciken dabbobi ta Wakwa, kusa da Ngaundare, aka haɗa su da shanunmu Gudali. 'Ya'yan da aka samu su ake kira Wakwa. Sun fi Gudali saurin girma, sun fi faɗin baya da cikar cinya, wato inda mahauci yake dubawa. Amma sai cutar kirci ta fi kama su, musamman da damina idan kaska ta yi yawa. Da ma'aikatan tashar suka ga haka, sai suka ƙara ba da ƙarfi wajen zaɓen bijimai nagari cikin Gudali zalla.

Abu biyu za mu riƙe. Na farko, ƙarfin ruwa biyu yana ga haihuwar fari ne, ɗan bijimin waje da saniyar gida. In aka bar ruwa biyun suna barbarar juna, rabin wannan ƙarin yakan zube a haihuwa ta biyu, garke ya fito babu tsari, wani ƙato wani tsigi. Saboda haka ka tambayi uba da uwa, kada ka tsaya ga launi da tozo.

Na biyu, babban jiki babban ciki ne. San da aka ɗaure a turke a Dugoi ko Garwa, ana ba shi harawa da ƙuli-ƙulin auduga, ana yi masa maganin kaska, zai biya ka cikin 'yan watanni. Shi kuma wannan san, ka kora shi a ƙasa da bazara zuwa Mubi, sai ya zube kafin Rahaji da Bunaji su nuna gajiya. Naman da ka saya a Adumri a hanya za ka bar shi.

Don haka lissafin shi ne: ina dabbar za ta, kuma da me? In mota ce ko jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde da Duwala, ruwa biyu yana da riba. In tafiyar ƙafa ce, na gida ya fi. Kuma ka shafa bayansa. In ka ji ɓawon kirci, rage kuɗi ko ka wuce.

Allah Ya ba mu ciniki mai albarka, amin.