Rumfar Mai Gyaran Rikoda

Abin da ya kai ni wani ƙauye na arewacin ƙasar Katsina shi ne in ga yadda jama'a ke samun hasken dare alhali turakun lantarki ba su iso gare su ba. Amma ranar kasuwa, bayan na gai da mai gari, sai ƙafa ta kai ni wata rumfar zana inda wani magidanci ke gyaran rediyo da tocila, na tarar ya buɗe cikin wata tsohuwar rikodar hannu ƙirar National, mai ita kuwa, wani dattijon malami wanda ganinsa ya yi rauni, yana zaune bisa tabarma yana jan carbi.

Illar rikodar ita ce muryarta ta dushe, kamar mai magana da bakinsa cikin tulu. Mai gyara ya nuna mini ɗan ƙarfen nan mai santsi wanda zaren kaset ke gogawa, wato hed, ya sa farcensa a kai, farcen ya faɗa wani siririn kwari da shekaru suka haƙa. Ba abin al'ajabi ba ne, domin tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963 aka ƙaddara wa zaren gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kaset mai minti 90 kuwa zarensa ya haura mita 120, to idan aka haɗa wannan doguwar tafiya da ƙurar hunturu da ke maƙalewa a jikinsa, lalle ƙarfe, komai taurinsa, sai ya ci. A fuskar hed akwai wata tsaga wadda ido ba ya riskarta, ita ce ke ɗauko maganaɗisun da ke jikin zare ta mai da shi sauti. Da zarar zaren ya daina kwanciya sosai a kanta, siraran sautuka su ne farkon ɓacewa, sin da shin su zama abu guda.

Ya fara da auduga da sifirit, ya goge jan dattin da ya daskare, bai wadatar ba. Sabon hed kuwa ya ce ya daɗe bai gan shi ba, sai dai a ciro daga gawar wata rikoda, waɗanda ke cikin kwalinsa kuma duk sun fi wannan lalacewa. Saboda haka ya zare wayoyin, ya kwance tsohon hed ɗin, ya shimfiɗa sanfefa mafi laushi bisa ɓallin madubi, ya ɗiga ruwa, ya shiga goga fuskar ƙarfen sannu a hankali yana bin lanƙwasarta, domin wanda ya zarce haddi ya buɗe tsagar, kuma babu mai mayar da ita.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "da ka yarda an juye maka karatun nan a waya, ai da ka huta da kuɗin batir."

"Ɗana, jikokina sun juye," in ji dattijon, "amma waya sai mai ido. Wannan kuwa yatsana ya san maɓallanta, kuma inda na tsayar da Malam da dare, nan nake tarar da shi da asuba."

Karatun da ake nufi kaset-kaset ne na darasin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda shaihinsa, Allah ya jiƙansa, ya karantar a zaure aka ɗauka. Tun da ido ya hana shi muɗala'a, su ne littafinsa, kuma a ganina hujjarsa ta fi ta mai gyara ƙarfi.

Da aka mayar da hed aka liƙe wayoyin da dalma, sai mai gyara ya sa kaset ɗin, ya kara kunne, yana juya ɗan sukurun da ke daidaita tsayuwar hed da bakin sukundireba, kaɗan dama, kaɗan hagu, har muryar ta washe aka ji tarin almajirai a bayanta, sa'an nan ya ɗiga wa sukurun jan farce don kada ya motsa. Ya faɗa wa dattijon gaskiya cewa ƙarfen ba zai ɗauki wata gugar ba, ya kuma yi alkawarin zai sa direban da ke zuwa Kano ya cigita masa wani a kasuwar Sabon Gari.