JINI A BAYAN GIDA: BA KOWANNE NE BASIR BA

Ganin jini a bayan gida abu ne mai tayar da hankali, amma kuma yana daga cikin abubuwan da mutane suka fi ɓoyewa. Kunya ta hana mace gaya wa mijinta, ta hana dattijo gaya wa 'ya'yansa. In kuma aka daure aka faɗa, amsar da aka saba ji a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu ita ce, “Ai basir ne.” Daga nan sai a nufi kasuwa ko tasha wurin masu tallar magani da lasifika.

Gaskiya ne basir na kawo jini, musamman ga masu juna biyu da masu jego. To amma akwai wasu cututtuka da dama da ke zuwa da wannan alama, wasu masu sauƙi, wasu kuma masu kisa idan aka yi jinkiri. Ba a gane su da ka, sai an duba. Wannan shi ne abin da za mu yi bayani a kai a wannan fitowa.

TAMBAYA TA FARKO GA MAI CIKI: TA INA JININ YA FITO?

Ke mai juna biyu, idan kika ga jini lokacin tsarki ko a jikin zanenki, abu na farko shi ne ki tabbatar ta gaba ya fito ko ta baya. Ki sami tsumma fari mai tsabta ki danna a gabanki, ki sami wani dabam ki danna a bayanki, sannan ki duba.

Jinin da ya fito ta gaba ga mai ciki ba abin jira ba ne, komai ƙanƙantarsa, ko da babu ciwo. A farkon ciki yana iya zama ɓari, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa. A watannin ƙarshe kuwa yana iya zama mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, ko ta fara ɓanɓarewa tun kafin haihuwa. Duk waɗannan na iya hallaka uwa da ɗa cikin 'yan sa'o'i. Idan kin kasa tantancewa, ki ɗauka ta gaba ne, a tafi asibiti nan take.

LAUNIN JININ YANA DA MAGANA

Yawancin gidajenmu masai mai rami ake amfani da shi, saboda haka mutum ba ya ganin abin da ya fita daga cikinsa. Duk wanda ya ga alamar jini, ya yi bayan gida na gaba a fo ko wani mazubi, ya duba da kyau, don ya iya yi wa ma'aikacin lafiya bayani.

• Jini ja jawur da ke ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a hannu lokacin tsarki: galibi daga bakin dubura yake.

• Jini gauraye da bayan gida, ko da majina: daga cikin hanji yake.

• Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari mai tsanani: jini ne daga can sama, wato tumbi ko farkon hanji, wanda ya narke kafin ya fito.

A nan akwai abin lura. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki tana mayar da bayan gida baƙi ko kore mai duhu. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin daina shan magani ba ne. Bambancinsa shi ne ba ya danƙo irin na kwalta, kuma ba ya zuwa da jiri ko kasala.

BASIR NA GASKIYA

Bahaushe na kiran abubuwa da yawa da sunan basir, tun daga kumburin ciki da ciwon baya har zuwa raunin mazakuta. A asibiti kuwa basir abu ɗaya ne: kumburin jijiyoyin jini da ke ciki da kewayen bakin dubura. Alamominsa su ne jini ja bayan an yi bayan gida, ƙaiƙayi, da tsiro mai leƙowa waje, wani ya koma da kansa, wani sai an tura shi.

Dalilai uku ne suka sa ya fi damun masu ciki. Na farko, sinadarin da jiki ke ƙara samarwa don riƙe ciki yana sa hanji ya rage motsi, sai bayan gida ya yi tauri. Na biyu, nauyin mahaifa na danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai na ƙasa su cika su kumbura. Na uku, yunƙurin naƙuda. Shi ya sa aka fi ganinsa daga wata na bakwai zuwa makonnin farko na jego. Abin farin ciki, mafi yawansa na lafawa bayan haihuwa ba tare da an yi aiki ba.

TSAGEWAR DUBURA

Wannan 'yar tsaga ce a fatar bakin dubura, wadda bayan gida mai tauri ke haddasawa. Jinin kaɗan ne, amma zafin kamar an yanka mutum da reza, kuma yakan daɗe bayan an fito. Saboda tsoron zafin sai mutum ya riƙa matse bayan gida, shi kuma ya ƙara tauri, tsagar ta ƙara buɗewa. Da zarar bayan gida ya yi laushi, yawancinta na warkewa cikin 'yan makonni.

ATINI, TAIFOT DA TSARGIYA

Gudawa mai jini da majina, tare da murɗar ciki da yawan jin bayan gida, ita ce atini. Ana ɗaukarta ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, kuma takan yawaita da damina. Ƙwayoyin cutar da ke kawo ta iri-iri ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne, don haka sayen kafso a kemis ba tare da gwaji ba kan zama asarar kuɗi da lokaci. Mai atini ya fara shan ruwan gishiri da sukari tun daga gida, sannan a kai shi asibiti a ranar, musamman in yaro ne ko mai ciki.

Zazzaɓin taifot da ya kai mako na uku ba magani na iya sa hanji ya zubar da jini, ko ma ya huje. Zazzaɓi mai tsanani da ya ƙi jin maganin cizon sauro, sannan jini ya biyo baya ta kowace kafa, yana iya zama zazzaɓin Lassa, wanda ya fi haɗari ga mace a watannin ƙarshe na ciki.

Mazauna kusa da madatsar ruwa ta Zobe, da manoman rani, da masunta, da mata masu wanki a bakin rafi, sai su lura da tsargiya. Wadda aka fi sani a yankinmu ita ce mai sa fitsarin jini, amma akwai irin da ke kama hanji ya kawo jini a bayan gida, in ya daɗe ya lalata hanta. Tsutsar na fitowa ne daga ƙananan dodon-koɗi na cikin ruwa, ta ratsa fatar mutum ta shiga jiki. Tana da magani mai suna Praziquantel, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki bayan wata uku na farko, amma ta hannun ma'aikacin lafiya.

GYAMBON CIKI DA MAGUNGUNAN CIWON JIKI

Baƙin bayan gida irin na kwalta, ko aman jini, galibi daga gyambon ciki ne, ko daga hantar da ciwo ya daɗe yana ci. Babban abin da ke tono gyambon ciki ya yi jini shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac da Feldene, da haɗin ƙwayoyi da 'yan talla ke ƙullawa a leda. Ga mai ciki haɗarin biyu ne, domin daga mako na 20 waɗannan magunguna na iya cutar da ƙodar ɗan da ke ciki, su rage ruwan da yake kwance a cikinsa. Kada ki sha su sai likita ya rubuta.

CIWON DAJIN HANJI

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba ma son a kira kowane jini basir. Ciwon dajin babban hanji shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da shi. A Nijeriya da yawan masu shi ba sa isa asibiti sai ya riga ya bazu, bayan an shafe watanni ana shan jiƙon basir. Ya fi kama manya, amma ana samunsa ga 'yan shekara 30 da 40.

Alamominsa sun haɗa da jini mai dawowa, sauyin yanayin bayan gida da ya wuce mako uku, jin kamar ba a gama ba bayan an fito, rama ba dalili, da ƙarancin jini. Mutum na iya samun basir kuma yana da wannan ciwo a lokaci guda. Idan aka gano shi da wuri, ana yin aiki a warke.

YARA ƘANANA

Jariri sabon haihuwa da ya yi kashi da jini, a kai shi asibiti nan take. Allurar bitamin K da ake yi wa jarirai ranar haihuwa tana kare su daga irin wannan zubar jini, kuma yana daga cikin amfanin haihuwa a asibiti. Yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 3 da ke tsala ihu yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, ga amai, ga kashi mai jini da majina, yana iya zama hanjinsa ne ya shige cikin juna. Wannan ba ɗankanoma ba ne, kada a tsaya turare ko shafe-shafe.

A TAFI ASIBITI YANZU, KO DA TSAKAR DARE NE, IDAN:

• jini ya fito ta gaban mai ciki, ko an kasa gane ta inda ya fito;

• jinin na da yawa, ko da gudaji, ko ya ƙi tsayawa;

• bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ana aman jini;

• akwai jiri, suma, bugun zuciya da sauri, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari;

• akwai matsanancin ciwon ciki ko zazzaɓi;

• ɗan da ke ciki ya rage motsi.

Idan kuwa jinin kaɗan ne kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a je cikin 'yan kwanaki. Mai ciki kada ta jira ranar awonta in da sauran nisa. Jini kaɗan-kaɗan kullum na tsotse jinin mace ba ta sani ba. A ma'aunin asibiti, mai cikin da jininta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 7 ya yi tsanani. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kayar da ita.

ME ZA A YI A ASIBITI?

Za a yi tambayoyi, a duba wurin da ido, wani lokaci da yatsa sanye da safar hannu. Ba ya ɗaukar lokaci, kuma ana yinsa a keɓe. Mace na da damar neman mace ta duba ta, ko a sami ma'aikaciya ta tsaya tare da ita. Ana iya gwada jini da bayan gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka a faɗi komai, har da maganin gargajiyar da aka sha.

A fara da asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar leƙa cikin hanji da na'ura ko babban aiki, za su ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A riƙe takardar da katin awo.

ABIN DA ZA A IYA YI A GIDA

Rigakafin basir da tsagewa shi ne laushin bayan gida. A yawaita shan ruwa, aƙalla kofi 8 a rana, fiye da haka lokacin zafi. A ci zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, miyar kuka, wake, gwanda, lemo da kankana. A rage dogaro da burodi da taliya da farar shinkafa. A riƙa ɗan tattaki. In bayan gida ya zo kada a matse, kada a daɗe a tsugune, kada a yi yunƙuri da ƙarfi. Zama cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, na minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana na rage raɗaɗi. Mai ciki ta riƙa kwanciya a gefen hagu don rage nauyi a kan jijiyoyi.

Idan ƙwayar ƙarin jini na sa miki taurin bayan gida, ki gaya wa ma'aikaciyar awo, akwai maganin sassauta ciki da ya dace da mai juna biyu. Ki guji jiƙe-jiƙen wankin ciki, domin gudawa mai ƙarfi na ƙarar da ruwan jiki. Kada a yarda wanzami ko wani mai magani ya yanke tsiro, ko ya ƙona shi, ko ya cusa wani abu a dubura. Hakan na jawo zubar jini, ruɓewa, da tsukewar dubura.

KIRA GA MAZA DA IYAYE

Maigida, mace ba za ta faɗi irin wannan lalura ba sai ta ga fuska. Ka tambaye ta, ka saurare ta. Ka ba ta izini tun yanzu cewa duk ranar da ta ga jini ta tafi asibiti ko ba ka gida. Ka tanadi ɗan kuɗin mota da lambar direban da za a kira da dare, ka kuma san 'yan'uwan da za su iya ba da jini in an buƙata. Iyayenmu mata da ungozomomi, ku ne ake fara gaya wa, saboda haka kalmarku ta farko ta zama “a je a duba.”

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.