Yadda Kwafar Ƙasida Take Raya Mai Nazami

Hanyar da ta tashi daga Salaga, ta ratsa Bimbila, ta nufi Yendi da Bawku, fataken Gwanja ne suka raya ta da jakunansu da lodin goro, amma a bayansu akwai malamai da almajirai ɗauke da gafaka, kuma abin da ke cikin gafakar nan ya fi goron daɗewa. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya sa ya koma Kete-Karachi, inda ya yi limanci har Allah Ya karɓi ransa a 1934. Shi ne mai Waƙar Talauci da Wadata, kuma ƙasidunsa na Larabci da na ajami sun bazu cikin zangogin ƙasar Gana ta yau a lokacin da babu maɗaba'a a cikinsu, sai alƙalamin kara da tawada.

To, ɗalibin da yake bukatar ƙasida a wancan zamani, ko Ishiriniya ce ko Burda, dole ya ari ta malaminsa, ya zauna ya kwafe ta baiti bayan baiti, yana sa wasali, yana rerawa a hankali domin kada ya tsallake kalma. Kuma a nan, a ganina, asirin al'amarin yake, domin ido yana iya wuce shafi cikin gaggawa bai fahimci kome ba, amma hannu ba ya iya rubuta harafi biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya kwafi baiti ɗari a bahari guda, ya ga inda mai nazami ya ja gaɓa da inda ya gajarta ta, ya ga dabarar da ya yi har ƙafiya ta sauka inda ake jiranta, to karin ya riga ya zauna masa a kunne tun kafin a karantar da shi ilimin aruli na Halilu ɗan Ahmadu. Daga nan sai ya gwada tahamisi, wato ƙara ɗango uku a kan baitin wani, har ya kai ga tsara nasa.

Turawa ma sun san wannan tafarki. Bach, gwanin kiɗa na Jamus da aka haifa a 1685, da hannunsa ya riƙa kwafar takardun kiɗan magabata, ya kuma sake tsara wasu na Vivaldi, mutumin Italiya.

Tun shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon take adana irin waɗannan rubuce-rubuce, amma wasu suna nan cikin akwatuna a gidajen malamai, gara na barazana gare su. Ya mai karatu, in gidanku akwai gafakar kaka, fito da ita, ka ba yaro alƙalami da takarda, ka zauna kusa da shi kana gyara masa wasali.