Abuja: Albashi Wata-Wata, Kuɗin Haya Shekara-Shekara

ABUJA – Tun da asuba hanyar Keffi zuwa Abuja takan cika maƙil da motocin haya. Akasarin fasinjojin ma'aikata ne: masinjoji, direbobi, masu gadi, akawuna da yaran kanti, waɗanda ke yini a Garki da Wuse da Maitama, amma makwancinsu yana Nyanya, ko Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa.

Tun da aka maido da hedkwatar ƙasa daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi bai taɓa cim ma yawan masu kwararowa birnin ba. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun ƙara tura talakawa bayan gari.

Babbar matsalar ita ce yadda ake biyan haya. Ma'aikaci wata-wata yake karɓar albashi, amma mai gida kuɗin shekara guda yake nema a dunƙule, wani lokaci har na shekara biyu, ban da la'adar dillali da kuɗin lauya. Wanda bai yi tanadi ba sai ya shiga adashi ko ya ci bashi, kuma kafin ya gama biya wata hayar ta zagayo. A 2022 Majalisar Dattawa ta yi muhawara kan ƙudurin mai da biyan haya wata-wata a Abuja.

Arahar bayan gari kuwa kuɗin mota ya cinye ta. Bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da 500, ta kuma haura 1,000 a 2024. A shekarar ce aka ƙara mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, amma hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshenta.

Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin masu zubi. Sai dai sharuɗɗan rancensa, musamman takardun mallakar fili, sukan fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi. Wasu sun mai da iyalansu ƙauye, wasu kuma suna kwana a ofis ko a shago daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda ke fita da duhu ya dawo da duhu bai san maƙwabcinsa ba, balle ya sami zuwa suna ko jana'iza. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ba mai leƙo shi.

Masu kamfanoni ma suna da kasonsu a wannan asara. Makara, gajiya, yawan neman rance da barin aiki ba shiri duk a kansu suke ƙarewa. Shi ya sa wasu ke samar da motar ma'aikata, ko su biya musu hayar shekara su riƙa cirewa a albashi sannu a hankali. Koyar da sabon ma'aikaci yakan fi riƙe tsoho tsada.