Gona da Burtali: Kowa da Haƙƙinsa a Ƙasar Zabori

Kaka lokacin murna ce, amma kuma ita ce lokacin da aka fi tsoron rigima tsakanin manoma da makiyaya. Hatsi ya nuna. Wasu sun kai dammunansu rumbu, na wasu suna gona. Wake da dawa ba su ida nuna ba. A daidai wannan lokaci tabkunan arewa suke ƙafewa, bisashe su juyo kudu neman ruwa da ciyawa. Zabori da Karakara da Junju, har zuwa Gaya, suna kan hanyarsu, domin nan ne fadamar Dallol Mawri, kuma nan ne ƙofar Najeriya da Benin. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta ba da sanarwar hana garkunan ƙasashen waje shiga ƙasarta kiwo. Garken da bai ƙetare iyaka ba, a ƙasar Gaya yake tsayawa. Gonaki kuma kullum ƙaruwa suke yi, don jama'a na ƙaruwa.

Abin da ya faru a baya

A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A watan Nuwamba na 2004, a Fasi cikin ƙasar Gaya, mutum 11 suka mutu. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi cikin jihar Tawa, an rasa mutum kusan 20. Duka uku da kaka suka faru. Irin wannan faɗa yakan fara daga mutum biyu, mai gona da mai bisa. Daga nan sai a ce ƙabila kaza ta taɓa ƙabila kaza. A ƙarshe wanda bai ji ba bai gani ba shi ake kashewa, shi ake ƙone wa ɗaki.

Mene ne haƙƙin ɗan Adam?

Ranar 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata takarda wadda ta bayyana haƙƙoƙin kowane mutum. Ma'anarta a taƙaice ita ce ran mutum da mutuncinsa da dukiyarsa ba abin taɓawa ba ne, ko wane harshe yake yi, ko wace sana'a yake ci da ita, namiji ne ko mace. Kuma ba a hukunta mutum da laifin ɗan uwansa.

A Nijar, dokar 24 ga Agusta 2012 ta tsara aikin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wato CNDH. Ta fara aiki a 2013, Farfesa Khalid Ikhiri ne shugabanta na farko. Wakilanta 9 ne, ɗaya daga cikinsu ƙungiyoyin manoma da makiyaya ne suke zaɓensa. Aikinta shi ne karɓar kukan wanda aka zalunta, da yin bincike, da duba gidajen kaso, da wayar da kan jama'a. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da tsarin mulkin 2010 tare da hukumomin da ya kafa, har da ita. Amma dokokin gona da kiwo suna nan, kuma akwai wata hukuma wadda ta fi kusa da talaka, tana cikin garinsu.

Hukumar ƙasa ta gari

Ranar 2 ga Maris 1993 gwamnati ta fitar da babbar dokar karkara. Ita ce ta kawo hukumomin kula da ƙasar noma da kiwo, waɗanda ake kira COFO. Akwai ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta gari ko ruga. A ta gari, maigari ko hardo shi ne shugaba. Tare da shi akwai wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa, sai magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu. Hikimar wannan tsari ita ce kowane ɓangare yana da baki a wurin zama ɗaya.

Aikin hukumar uku ne. Na farko, ta bayyana wa jama'a abin da doka ta ce. Na biyu, ta san iyakar burtali da mashaya da filin kiwo, ta sa ido kada a cinye su. Na uku, ta taimaka a rubuta takardar shaida idan an sayar da gona, ko an ba da ita kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina, ko kuma gado ce. Shaidar baki takan mutu tare da mai ita. Takarda tana nan har jikoki. Wannan yana cikin amfanin karatun yaƙi da jahilci: wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Haƙƙin makiyayi da haƙƙin manomi

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Burtali da filin kiwo dukiyar ƙasa ne, ba na mutum ɗaya ba. Ba a nome su, ba a sayar da su. Ba a toshe hanyar da bisashe suke bi zuwa ruwa.

Manomi shi ma yana da nasa. Dole makiyayi ya tsare bisashensa kada su shiga shuka. Kowace shekara hukumar jiha takan sa ranar sakin gonaki, bayan an ji ra'ayin wakilan manoma da na makiyaya, a faɗa a rediyo. Wanda bisashensa suka yi ɓarna kafin ranar, zai biya. Bayan ranar, mai gonar damina ba ya da ikon neman diyya. Saboda haka ya kamata kowa ya kwashe amfaninsa da wuri. Mai rogo ko garkar rani kuma ya yi mata shinge.

Idan an yi ɓarna

Mai gona kada ya ɗauki sanda ko adda. Kada ya sari bisa, domin wanda ya ji wa bisa ciwo shi ma biya zai yi. Makiyayi kuma kada ya gudu da dare. Maganar tana zuwa gaban maigari ko hardo. Dokar 2010 ta ce a fara da sulhu, a gaban kwamitin da manoma da makiyaya suke da wakilai daidai wa daida. Su je gonar su gani da ido. A duba yawan abin da aka ɓata, a duba kuɗinsa a kasuwa, sannan a yanka diyya. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In ba a daidaita ba, a rubuta haka, a wuce wurin sarkin ƙasa, daga nan sai alƙali. In kuwa an zubar da jini, wannan maganar jandarma ce da kotu. Mai laifi kaɗai ake nema, ban da garinsu, ban da rugarsu.

Gadon kakanni

Zaman tare ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Arawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa kasuwa ɗaya suke ci. Manomi yakan kira makiyayi ya zauna masa a gona da rani don taki, ya ba shi hatsi. Bafillatana takan kawo nono ta koma da tsaba. Manoma da yawa shanunsu suna hannun Fulani, Fulani da yawa kuma suna noma. Akwai kuma wasan taubasantaka, kamar na Arawa da Fulani, da na Barebari da Fulani, da na Zabarmawa da Buzaye. Taubasai suna tsokanar juna son ransu, amma al'ada ta hana su zubar da jinin juna. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin al'adun da duniya take alfahari da su.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana. Kafin bisashe su sauko bana, ya kamata kowane gari da kowace ruga ta ƙasar Zabori su san abu uku: su wane ne wakilansu a hukumar gari, ina iyakar burtali ta tsaya, kuma wace rana ce ranar sakin gonaki. Wanda ya karanta wannan jarida ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da kaka mai albarka da zama lafiya.