Bakht al-Ruda: Makarantar Ƙauye Da Ta Koyar Da Sudan

Duk dattijon Alsahafa ko Omdurman da ya yi firamare a ƙasar nan kafin shekarun 1990, da wuya a ce hannun Bakht al-Ruda bai taɓa shi ba. Ko malaminsa can ya fito, ko littafin da ya karanta can aka tsara shi.

An kafa wannan ma'ahadi a 1934 kusa da garin Duwem, a gaɓar Bahar Abyad, kudu da Khartoum. Shugabansa na farko wani Bature ne, V. L. Griffiths. Da gangan aka kai shi karkara, domin a lokacin galibin mutanen Sudan manoma ne da makiyaya. Hikimar ita ce, malamin da zai zauna a ƙauye gara a horar da shi a ƙauye. Ɗalibai na karatu, suna aikin gona da na hannu, kuma kafin a aika sabon darasi makarantun ƙasa sai an gwada shi a kan yaran firamaren da ke cikin ma'ahadin.

Abin ya yi albarka. Abdurrahman Ali Taha, mataimakin shugaban makarantar, shi ya zama ministan ilimi na farko ɗan ƙasa a 1948. Sirr al-Khatim al-Khalifa, firayim minista a 1964, can ya koyar. Can kuma aka shirya littafin labarin ƙasa da ya zagaya da yara Golid da Babanusa da Yambiyo, suna ganin yadda kowa ke neman abincinsa. Daga baya aka buɗe irinta a Dilling da Shendi.

A shekarun 1990 gwamnati ta mai da horon malamai hannun jami'o'i, a 1997 kuma Bakht al-Ruda ta zama jami'a. Digiri ya samu, amma mai digiri yakan fi son birni, makarantar ƙauye kuwa tana jiran malami.

To, ina ruwanmu? 'Yan'uwanmu da yawa suna zaune a garuruwan noma, daga Mai Wurno kusa da Sinnar har Gadarif da Jazira. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ranar farko a aji Larabci zai tarar. In malaminsa na jin harsunan biyu, an rage masa rabin wahala. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantu, ya tarwatsa malamai, ya kuma mai da iyalai da dama daga Khartoum zuwa karkara. Buƙatar ta ƙaru ke nan.

Saboda haka, iyaye, kada mu raina difloma ta shekara biyu ko uku, ko kwalejin ilimi ta kusa da gida. Ba kowa ne zai zama likita ba, kuma likitan ma malamin firamare ne ya fara ɗora masa alli. Mu tura 'ya'yanmu, maza da mata, su koyo malanta su koma su koyar da ƙannensu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.